Rinin Ƙarfe A Jidda: Abin Da Na Gano A Tafiyata Umara

Da niyya biyu na bar Kano. Ta farko Umara, ta biyu kuma zumunci, domin yayata da muke ciki ɗaya ta haura shekara talatin tana aure a Jidda, rabona da ita tun rasuwar mahaifinmu. Ni maƙerin fari ne, sana'ar da na tashi na tarar ana yi a zaurenmu ke nan: azurfa, tagulla da jan ƙarfe. 'Yar Yaya ta biyu ta daɗe tana turo min hotunan 'yan kunne ta WhatsApp, wasu shuɗaye, wasu shunayya, tana cewa ita ta ƙera su da hannunta. Ni dai na tsaya a kan fenti ne ko roba. Ita kuma kullum amsarta ɗaya: "Kawu, wallahi ƙarfe ne zalla, sai ka zo ka gani da idonka."

A filin jirgi na fara cin karo da matsala. Na ɗauko mata ƙananan magagarai guda huɗu tsaraba, ɗaya ma na mahaifinmu ne, amma na mance na bar su a jakar hannu. Na'ura ta nuna su, aka ce ba za su shiga jirgi ba, ga babbar jakata ta riga ta wuce. Allah ya sa yaron shagona da ya rako ni bai yi nisa ba, na kira shi ya dawo ya karɓa. Abin da ya tsira shi ne munduwar azurfa da Baba ya buga shekara biyu kafin ya kwanta ciwo, wadda na naɗe a tsumma don in kai wa Yaya.

Da haramina na hau jirgi tun daga Kano, muka yi niyya a sama da aka sanar mun zo daidai miƙati. Tafiyar ba ta cika awa biyar ba, agogon can kuma ya riga namu da awa biyu. An ɗauki hoton yatsunmu da na fuska, muka shiga bas sai Makka, tafiyar wajen kilomita 80. A Shumaisi motar ta rage gudu, jami'in tsaro ya leƙo ya duba takardun direba, muka wuce ta ƙarƙashin ƙatuwar gadar nan mai siffar Alƙur'ani a buɗe. Daga nan bakin kowa sai Labbaika.

Ba zan iya kwatanta abin da zuciya take ji da ganin Ka'aba ba, wanda ya je ya sani. Amma kwana biyu bayan na sauke Umarata, na samu wuri kusa bayan sallar walaha, na tsaya ina kallon rubutun da ke jikin rigarta. Idon sana'a ba ya barin mutum ko'ina. Wancan rawayan da ke walƙiya a kan baƙin siliki, siririyar wayar azurfa ce aka yi mata ruwan zinariya, aka ɗinka ta a kan auduga har harafi ya taso kamar an ƙera shi. A Ummul Jud ake aikin, nan cikin Makka, a masaƙar da aka buɗe a 1977. Na yi ta tunanin hannayen da suka ja wayar nan har ta yi sirantar zare ba ta tsinke ba. Na san wahalar jan waya, na kuwa yi musu addu'a.

Masaukinmu a Misfala yake, mu huɗu a ɗaki. Kwana uku ina cin shinkafa da kaza har ta gundure ni, sai wani abokin ɗakinmu Bakatsine ya kai ni wajen Shari'a Mansur, inda Hausa take tashi ta ko'ina kamar kana Fagge. Wata dattijuwa ta zuba min tuwon shinkafa da miyar kuka na riyal goma. Ta ce kakanta da ƙafa ya taho daga ƙasar Hadejiya, ya yi shekaru yana noma a Sudan kafin ya tsallako Bahar Maliya. Ita ba ta taɓa ganin Najeriya ba, amma ta san daddawa mai kyau da marar kyau.

Bayan kwana shida na shiga motar haya ta haɗin gwiwa zuwa Jidda, riyal talatin kujera. Ina fitowa daga motar na ji iska ta manne min a jiki. Zafin Kano busasshe ne, ka shiga inuwa ka huta. Na Jidda kuwa jiƙaƙƙe ne, ga gishirin teku a cikinsa. Yaya ta rungume ni muka yi ta kuka. Da na warware tsumman na miƙa mata munduwar, ta juya ta, ta ga 'yar alamar da Baba yake bugawa a ciki, ta kasa magana. Da daddare mijinta ya sayo abin da suke kira sire, na ɗanɗana na ce ai wannan tsirenmu ne har da ƙuli. Ya ce ƙwarai, kakanninmu suka kawo shi Hijaz, yanzu Larabawan gari ma layi suke yi a kansa.

Washegari da la'asar ya kai ni Balad, tsohon garin Jidda, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Gidajen da dutsen murjani aka gina su, tagoginsu na katako da ake kira rawashin sun turo kai kan titi, wasu kore, wasu shuɗi, wasu ruwan ƙasa. Muka bi ta Suƙul Alawi muka gangara wajen masu gwal. A kowane shago akwai allo mai nuna farashin giram na ranar. Ka zaɓi sarƙa, a ɗora ta a sikeli, a ƙara abin da suke kira masna'iyya, wato ladan ƙira, sannan harajin kashi 15 cikin ɗari. Ranar da ka dawo sayarwa, nauyin kawai za a biya ka. Ladan ƙira ya tafi. Mafi yawan kayan 'yan lamba 21 ne, masu hatimin 875, wato cikin kashi dubu, 875 zinariya ce tsantsa. Shi matanmu suka fi so saboda rawayansa mai kauri.

A wani shagon aka fito min da awarwaro uku 'yan lamba 18, ɗaya rawaya, ɗaya ja-ja kamar ruwan hoda, ɗaya fari tas. Dukkansu kashi 750 ne zinariya, bambancin yana cikin sauran 250 ɗin. Idan jan ƙarfe ya yi yawa a gamin sai ta yi ja, idan azurfa ce ta rinjaya sai ta karkata wajen kore, idan kuma aka sa wani farin ƙarfe da ake kira faladiyum sai ta yi fari. A wata 'yar maƙera a bayan kasuwar na ga wani Ba'indiye yana tsoma farin zobe cikin kofin ruwan rodiyum, wani farin ƙarfe mai sheƙi, da wayar lantarki a jiki, cikin ƙasa da minti ɗaya ya fito yana ɗaukar ido. Ya gaya wa mijin Yaya da Larabcinsa cewa shafe ne kawai, yana goguwa da sawa, sai a dawo a sake. Kusa da shi wani yana aikin mina, garin gilashi mai launi da ake zubawa a ramukan zane a gasa a wuta mai zafin digiri 800 har ya narke ya kama. Duk wannan na san labarinsa ko da ban taɓa yi ba. Abin da ya kawo ni yana gida, a saman bene.

Ɗaki ne ɗan ƙarami da a da ake ajiye tarkace. Tebur ɗaya, zarton maƙera, hamomi ƙanana, ga wata na'ura mai girman rediyo da maɓalli ɗaya da lambobi ja. Babu zugazugi, babu gawayi, babu ko toka. Ta miƙo min wani ɗan falle ruwan toka ta ce, "Kawu, auna wannan a hannunka." Na ji shi sakayau, bai kai rabin nauyin azurfa mai girmansa ba. Na gwada lanƙwasa shi, ya ƙi. Ta ce sunansa titaniyum, da shi ake sassan jirgin sama da ƙarfen da likitoci suke sa wa wanda ya karye. Sai zafi ya kai digiri 1668 yake narkewa, azurfarmu kuwa a 961 ta zama ruwa. Ba ya karɓar liƙi irin namu, don haka da ƙusa ake haɗa shi ko a naɗe shi da azurfa. Ta ce har masana'antarsa akwai a Yanbu, a gaɓar tekun nan arewa da su, ta haɗin gwiwa da mutanen Japan.

Ta ɗauko robar ruwa ta zuba cokali biyu na bekin soda, irin wanda mata suke sa wa kek, ta motsa. Ta jingina wani fallen ƙarfe marar tsatsa a gefen robar ta maƙala masa baƙar waya. Ta sa safar hannu ta roba, ta wanke titaniyum ɗin da sabulu, ta goge da sifirit, ta rataye shi a ƙugiyar jar waya, ta tsoma. Ta ce, "Kar ka ɗauke ido." Ta fara murza maɓallin a hankali. Ƙananan kumfa suka fara tasowa daga ƙarfen gefe. Wajen bolt 15, wato ma'aunin ƙarfin wutar lantarkin, fallen ya zama ruwan ƙasa mai sheƙi kamar tagulla. A 20 ya juye shunayya. Kafin 30 ya zama shuɗi, irin shuɗin rawanin da aka buga da kyau a Kura. Ta ci gaba: shuɗin ya kwashe ya koma ruwan bula, wajen 60 ya zama ruwan ɗorawa, gaba kaɗan ruwan hoda, can sama da 90 kore ya fito. Ruwan robar kuwa yana nan garau, ba ɗigon launi a cikinsa. Na ce "Subhanallahi" ban san sau nawa ba.

Na tambaye ta daga ina launin yake zuwa. Ta ce, "Kawu, ka taɓa ganin mai ya zuba a kan ruwan sama a bakin gareji, ya yi bakan gizo? Ya'ani, abu ɗaya ne." Wutar lantarki tana sa iskar da ke cikin ruwa ta haɗu da fuskar ƙarfen, sai wata fata ta tsiro a kansa, garau kamar gilashi, siririyar da silin gashi ya fi ta kauri sau ɗaruruwa. Haske idan ya faɗo, wani ya dawo daga saman fatar, wani ya ratsa ya dawo daga ƙarfen ƙasa, su gamu a hanya, wasu launukan su kashe juna, wanda ya saura shi ido yake gani. Gwargwadon ƙarfin wuta, gwargwadon kaurin fata, gwargwadon launi. Nan take na tuna salansar babur da take yin shuɗi kusa da inji, na kuma tuna maƙeran baƙi, yadda suke zuba wa wuƙa ido a kan garwashi suna jiran launi ya tashi daga ruwan kara zuwa shuɗi kafin su tsoma ta a ruwa. Ashe ilimin yana gabanmu tun tuni, mu dai muna amfani da shi wajen gane taurin ƙarfe, wasu kuma suka mai da shi ado. Ta ce maƙeran ado na Ingila ne suka fara baje kolin wannan aiki a shekarun 1960 da 1970. Ja sosai da baƙi ba sa fitowa ta wannan hanya, komai ƙwarewar mutum.

Ta ba ni safa ta ce in gwada. Na farko ya fito da tabo a tsakiya, shatin babban yatsana sak, domin na taɓa fallen bayan ta wanke, maiƙon hannu ya hana wutar kamawa. Na biyu ina son shuɗi, hannuna ya zarce, na komar da maɓallin baya ina jiran ya dawo. Ta ce, "Khalas, Kawu, ba ya komawa. Gaba kawai yake yi, sai dai a kankare a sake." Wannan ne ma sirrin zane: a rufe wani sashe da salatif, a fara da wuta mai ƙarfi, a ɓare, a rage wutar a sake tsomawa, launin farko ba zai motsa ba, sabon wurin ne kawai zai kama. Da haka ta yi wasu 'yan kunne masu siffar tagar rawashin, koren da shuɗin kamar daga bangon Balad ta ɗebo su. Ta gargaɗe ni sosai kada ƙarfen da ake rinawa ya taɓa na gefe, kada kuma hannu tsirara ya shiga ruwan wuta tana kunne.

Sai ta ɗauko wata waya da ta fi tsada ta ce wannan niyobiyum ne, launinsa ya fi na titaniyum haske, ya kuma fi laushin bugu. Ta ce a cikin dutsen kolumbait ake samunsa. Jin sunan nan sai na ajiye abin da ke hannuna. Ƙanin kakanmu ya yi leburancin haƙar kuza a Bukuru, kuma tun muna yara muke jin sunan wannan baƙin yashi da ake warewa daga kuza. A shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi, daga tsaunukan Jos. Yau Burazil ce take samar da kusan dukkan na duniya. Ga 'yarmu a Jidda tana sayen 'yar wayarsa ta intanet da dala, mu kuma da aka haƙa a ƙasarmu ba mu taɓa ganin irin kyan da yake yi ba. Wannan ya tsaya min a rai ƙwarai.

Kwana biyu muka yi a ɗakin nan. Ta nuna min yadda take baƙanta azurfa da wani abu mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da suke kira hantar kibiritu: a jiƙa a ruwan ɗumi, a tsoma, azurfa ta bi ta rawaya da shunayya ta tsaya a baƙi, sannan a goge tudun zane a bar ramuka da duhu. A nan ni na zama malami. Na ce mata kakanta da farar wuta yake yin wannan, don zanen munduwa ya fito raɗau, mu ne muka bari saboda masu saye sun koma son abu mai ƙyalli kamar na kanti. Na sauka na karɓo munduwar daga hannun Yaya na nuna mata. Na kuma koya mata yadda muke dafa azurfa da tsamiya da alif ta fito fari sol. Ta rubuta komai a littafi. Jan ƙarfe kuma takan rufe shi a roba da gishiri da ruwan kal ya yi kore, sai ta shafe da kakin zuma don kada ya ɓata fata. Ta ba ni labarin shakudo na Japan, jan ƙarfe da ɗan zinariya kaɗan wanda ake dafawa ya koma baƙi mai shuɗi-shuɗi. Alminiyum kuwa shi ake yi wa rini na gaskiya: wuta ta buɗe masa ƙananan ƙofofi, ya sha launi, a tafasa shi su rufe. Na ce wannan kam karofin Ƙofar Mata ne aka ƙanƙanta.

Daren ƙarshe gardama ta tashi a kan tabarmar abinci. Yaya ta ce, "Ni fa ba na kiran wannan kayan ado. Ranar da babanta ya kwanta asibiti, awarwarona biyu na kai Balad, kafin magariba na dawo da kuɗi. Wa zai karɓi shuɗin ƙarfe ranar wuya?" 'Yar ta ce, "Umma, masu sayen nawa ba ajiya suke nema ba, abin da babu irinsa a wuyan kowa suke so." Suka juyo gare ni. Na ce Yaya tana da gaskiya, kuma ba zan taɓa ba wa uba shawara ya sa titaniyum a lefe a madadin gwal ba; gwal rumbun mace ne. Amma ni da nake zaune a maƙera na san abin da yake cinmu. Gwal ya fi ƙarfin yawancin mutanenmu, azurfa tana binsa, kayan fashin na waje sun cika kasuwa da araha. Idan sikeli ne kaɗai zai yanke darajar abin da na ƙera, to hannuna ba shi da kuɗi ke nan, kwana uku na zane da kwana ɗaya duk ɗaya ne. A aikin yarinyar nan ƙarfen ba shi ne tsadar ba, ido da hannu ake biya. Ga kuma mata da yawa da kunnensu yake kumbura yana ruwa saboda nikel ɗin da ke cikin 'yan kunnen araha, alhali titaniyum da niyobiyum ba sa yi wa fata haka. Yaya ta yi shiru, sannan ta ce, "To Allah ya sa albarka, amma dai ka saya wa matarka gwal kafin ka tafi." Na kuwa saya, ɗan zobe na giram biyu.

Madina a jirgin ƙasan Haramaini na tafi, wanda aka buɗe a 2018, yana gudun kilomita 300 a awa; cikin awa biyu muka isa. Kwana huɗu na yi, na samu shiga Rauda da izinin da 'yar Yaya ta ciro min a manhajar Nusuk, na sayi dabino, na dawo Jidda.

Na'urar wutar ta fi ƙarfin guzirina, ga kuma halin wutarmu a gida. Sai ta ce ba dole ba ne: ƙananan batura masu bolt tara, idan aka maƙala su baki da baki, ƙarfinsu haɗuwa yake. Biyu su ba da 18, uku 27. Ta yanko min falle goma na titaniyum da waya kamu biyu, ta ƙi karɓar ko riyal. Na sa su can ƙasan babbar jaka, na karɓi jarkar Zamzam mai lita biyar, muka yi sallama da Yaya a bakin ƙofar shiga, kowa yana share ido.

Sati ɗaya da dawowata na aiki yaro Sabon Gari ya sayo batura uku. Muka rufe ƙofar zaure, na wanke falle da omo, na riƙe shi da hantsaki, na tsoma a kofin gilashi. Shuɗin ya taso kamar yadda ya yi a Jidda, yaron ya yi kabbara da ƙarfi har maƙwabcina ya leƙo. Ya karɓa ya juya, ya ciro magagarinsa ya ja sau ɗaya a gefe, ruwan toka ya bayyana. Ya ce, "Malam, ai a sama kawai yake." Na ce haka ne, shi ya sa ba a yin zoben yau da kullum da shi, sai 'yan kunne da abin wuya, kuma duk wadda za ta saya zan gaya mata. Na naɗe biyun farko da bakin azurfa, na baƙanta zanen da farar wuta irin ta Baba. Wata ɗaliba da ta kawo gyaran sarƙa ta gan su a faranti, ta tambayi kuɗinsu ba ta tambayi nauyinsu ba, ta biya, ta ce ƙawarta ma za ta zo. Falle shida suka rage min. Yaya za ta zo bikin 'yar ƙaninmu bayan Babbar Salla, na riga na aika a taho min da wayar niyobiyum, ita kuma za ta koma wa 'yarta da magagaran nan huɗu.